Daga Gishirin Kurmi Zuwa Awon Ƙarƙashin Ƙasa

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano, ya taɓa zama gefen murhu yana jiran a sauke tukunya, ya ga wannan abu ko da bai kula ba. Idan miya ta tafasa ta zubo a kan wutar risho ko ta gas, sai shuɗin harshen wutar ya rikiɗe nan take ya koma ruwan ɗorawa, ya yi ta balbali har ruwan ya ƙone. Kakata, Allah ya jiƙanta, takan ce wuta ce ke ɗanɗana gishiri. Na daɗe ina ɗaukar zancen a matsayin raha irin ta tsofaffi, sai da na yi nisa a karatu na gane cewa ba ta kauce ba ko kaɗan. Gishirin ne ke rina wutar, ko kuma kanwar da aka jefa wa miyar, domin dukansu biyu suna ɗauke da wani ƙarfe da ake kira sodiyom. Launin nasa ne kuma muka saba gani a fitilun kan titi na da, kafin farare masu aiki da hasken rana su maye gurbinsu. Abin da wannan maƙala za ta bi sawunsa shi ne abin da ya faru ranar da aka kusanto da maganaɗisu ga wannan harshen wuta, da yadda amsar da aka samu ta yi zagayen fiye da shekara ɗari kafin ta zo ƙasar Kano a jikin jirgin sama.

Kano ba baƙuwar sodiyom ba ce, ko da yake ba da wannan suna ta san shi ba. Tun daga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda ake danganta kafuwar Kasuwar Kurmi da shi, gishiri da kanwa suna cikin manyan hajojin birni. Ayarin Buzaye yakan ratso Sahara da kantun gishirin Bilma da Fachi, fataken gabas kuma su kawo mangul da ungurnu da jar kanwa daga Mangari da bakin Tafkin Chadi. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya rubuta yadda kanwar Barno ke bi ta birnin zuwa ƙasar Nufe, a daidai lokacin da rinannun tufafin Kano ke kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Su ma waɗannan tufafi ba su tsira daga dangin sodiyom ba. Marinar Ƙofar Mata ba ta kama rini sai an haɗa baba da toka da katsi, ƙarfin toka kuwa daga fotasiyom yake, wanda ƙanin sodiyom ne uwa ɗaya uba ɗaya.

A littattafan kimiyya ana kiran wannan dangi ƙarafan alkali. Bahaushe da ya ci karo da kalmar sai ya zaci ana nufin mai shari'a, alhali ba su haɗa komai ba sai cewa dukansu aron Larabci ne. Ta kimiyya daga al-ƙalyu ta fito, wato tokar tsirrai da ake yin sabulu da ita, ita ce kuma ta bar wa fotasiyom harafin K da ake rubuta shi da shi. Harafan Na na sodiyom kuwa daga naɗrun suke, kanwar Masar. Ba a taɓa ganin waɗannan ƙarafa tsurarsu ba sai a 1807, lokacin da Humphry Davy ya tatso su da lantarki a Landan. Ƙarafa ne masu ban mamaki: wuƙa tana yanka su kamar sabulu, ruwa kuma yana harzuƙa su har su kama da wuta. Wani daga cikinsu, sisiyom, yana narkewa a zafin da bai wuce digiri 28 da rabi ba, ma'ana da za a kawo shi Kano a watan Afrilu, ko a inuwar zaure aka ajiye shi sai ya zama ruwa. Abin da ya haɗa su dangi, ya kuma sa masana suka fi son su, shi ne kowace ƙwayar zarra tasu tana da ilektiron guda ɗaya tak a bakin iyakarta. Mai bincike yana iya zuba wa wannan tilon ido ba tare da hayaniyar sauran ta ruɗe shi ba.

Kafin a kai ga maganaɗisu, sai an san abin da launin yake nufi. Idan aka ratsa haske ta cikin gilashi mai kusurwa uku, yakan baje kamar bakan gizo. A 1814 Joseph Fraunhofer ya lura cewa bakan hasken rana yana da siraran baƙaƙen layuka, ya raɗa musu haruffa, na wajen ruwan ɗorawa ya kira shi D. Wajen 1860 Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff suka nuna a Heidelberg cewa kowane sinadari yana da nasa layuka, kamar yadda kowace zuriya take da nata zane a fuska, kuma layin D na sodiyom ne. Da wannan dabara suka gano sisiyom a 1860 da rubidiyom a 1861. In an duba da kyau, layin D ɗin tagwaye ne, ɗaya a tsawon zango nanomita 589.0, ɗayan a 589.6. Bayanin da aka samu daga baya shi ne, ilektiron ba ya zama inda ya ga dama a cikin zarra. Yana da matakai ƙididdigaggu, kamar matakalar hawa Dutsen Dala, babu tsayawa tsakanin mataki da mataki. Zafin wuta yakan cilla shi mataki na sama, in ya faɗo kuma sai ya saki haske wanda launinsa ya yi daidai da zurfin faɗuwar. Ke nan duk abin da ya gusar da mataki, dole ya gusar da layi.

Mutum na farko da ya yi zaton maganaɗisu zai iya yin haka shi ne Michael Faraday, ɗan maƙeri, wanda ya fara rayuwa da ɗinkin littattafai. Ran 12 ga Maris 1862, lokacin Sarki Abdullahi Maje Karofi yana kan gadon Dabo, Faraday ya sa wuta mai gishiri tsakanin bakunan babban maganaɗisu ya duba layukan. Bai ga sun motsa ba. Wannan shi ne gwajinsa na ƙarshe, ya rasu a 1867. Tunaninsa daidai ne, kayan aikinsa ne ba su kai ba.

Shekara 34 bayan haka, wani matashi ɗan ƙasar Holan mai suna Pieter Zeeman, yana ɗan shekara 31, ya sake ɗauko tambayar a Jami'ar Leiden. Ya karanta labarin gwajin Faraday, ya ce wa kansa in har mutum irin wannan ya ga abin ya cancanci gwadawa, to ya cancanci a maimaita shi da kayan da suka fi na da. Ya jiƙa ɗan guntun asbestos da gishirin miya, ya sa a harshen wuta tsakanin bakunan maganaɗisun lantarki. Maimakon gilashi mai kusurwa uku, sai ya yi amfani da wani madubi da Henry Rowland ya ƙera a Amurka, wanda aka zana wa dubban siraran layuka a kowane inci, mai iya baje haske fiye da duk abin da Faraday ya mallaka. Da ya kunna maganaɗisun sai tagwayen layukan suka yi kauri, da ya kashe suka koma yadda suke. Ƙarin bai taka kara ya karya ba, kusan kashi ɗaya cikin arba'in na tazarar da ke tsakanin tagwayen. Wani mai gaggawa da ya yi shela tun a ranar. Zeeman kuwa ya yi zargin kansa, ya ce wataƙila maganaɗisun siffar harshen wutar kawai ya canza. Saboda haka ya rufe sodiyom a cikin bututun tangaran, ya zafafa shi har ya zama tururi, ya ratsa farin haske ta ciki, ya sake gwadawa. Layukan suka sake yin kauri. A ganina wannan gwaji na biyu ya fi na farko daraja, domin a nan ne mutumin ya nemi ƙaryata kansa bai samu hanya ba.

An gabatar da sakamakon a gaban majalisar masana ta Amsterdam ran Asabar 31 ga Oktoba 1896. Ran Litinin malaminsa Hendrik Lorentz ya kira shi da bayani a hannu. Lorentz ya ce a cikin zarra akwai wani ƙanƙanin abu mai ɗauke da lantarki da yake kaɗawa, maganaɗisu kuma yana ƙara wa kaɗawar sauri ta wata fuska, yana rage mata ta wata. In haka ne, layi guda zai rabu uku ga wanda ya duba ta gefe, biyu ga wanda ya duba ta tsawon maganaɗisun. Daga girman kaurin nan suka lissafa cewa abin yana da ɗan karen rashin nauyi idan aka gwada da lantarkin da yake ɗauke da shi. Watanni kaɗan bayan haka, a Afrilun 1897, J. J. Thomson ya ba da sanarwar abin da muke kira ilektiron a yau. An ba Zeeman da Lorentz kyautar Nobel a Disambar 1902. Ba a cika wata biyu ba, ran 3 ga Fabrairu 1903, dakarun Ingila suka fasa ganuwar Kano suka shiga birni, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Ban kawo waɗannan ranaku biyu kusa da juna don in ce ɗaya ce ta haifi ɗaya ba. Na kawo su ne domin mai karatu ya ga cewa a shekarun da Kano ke jinyar raunin Basasa, wasu suna can suna yi wa gishiri tambayoyin da mu masu fataucinsa ba mu samu sukunin yi masa ba.

Sai dai gishiri bai bar Lorentz ya ji daɗin nasararsa ba. Da aka samu maganaɗisu mafi ƙarfi, Thomas Preston a Dublin da Alfred Cornu a Faris suka ga layuka suna rabuwa fiye da uku. Su kansu tagwayen sodiyom, ɗaya huɗu ya rabu, ɗayan shida. Aka shafe kusan shekara 30 ana kai gwauro ana kai mari. A tsakanin nan George Hale ya yi amfani da rabuwar layuka a 1908 ya tabbatar da cewa baƙaƙen tabon da ke fuskar rana matattarar maganaɗisu ne, Alfred Landé kuma ya samo a 1921 wata ƙa'idar lissafi da ke faɗin inda kowane layi zai faɗa, ba tare da kowa ya san dalilin da ya sa take aiki ba. Dalilin ya fito ne a Leiden ɗin dai, daga bakin wasu samari biyu, George Uhlenbeck da Samuel Goudsmit. Suka ce ilektiron ba kewaya cibiyar zarra kaɗai yake yi ba, yana kuma juyi a kan kansa kamar katantanwar da yara ke murzawa, wannan juyi kuwa ya mai da shi ɗan ƙaramin maganaɗisu. In babu maganaɗisu a waje, ko ina ya fuskanta matakinsa ɗaya ne. Da zarar an kawo maganaɗisu, wanda ya bi shi sai matakinsa ya ɗan yi ƙasa, wanda ya saɓa masa ya ɗan yi sama. Mataki guda ya zama biyu ko huɗu, hanyoyin faɗowa suka ƙaru, lissafin huɗu da shida ya fito daidai. Takardarsu ta fito a Nuwamban 1925. A ranar farko ta wannan wata ne jiragen sama uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Babu wanda ya san a lokacin cewa waɗannan abubuwa biyu za su haɗu.

Abin da ya hana su haɗuwa da wuri shi ne raunin maganaɗisun duniya. Ƙarfin da ke juya allurar kamfas ɗin neman alƙibla a Kano bai wuce nanotesla dubu 33 zuwa 34 ba, wanda Zeeman ya yi aiki da shi kuwa ya ninka wannan kusan sau dubu 30. Babu madubin da zai nuna wa ido rabuwar da irin wannan raunin ƙarfi ke haifarwa. Bafaranshe Alfred Kastler ne ya buɗe ƙofar a 1950, abin da ya jawo masa kyautar Nobel a 1966, sannan a 1957 Hans Dehmelt da William Bell da Arnold Bloom suka nuna a Amurka yadda za a mai da dabarar ma'auni. Ga yadda abin yake. Ana rufe ɗan tururin sisiyom a ƙaramar kwalba, a haska shi da fitilar sisiyom wadda aka tace haskenta ta yadda zai riƙa kora zarrori zuwa mataki guda, kamar makiyayi yana tara garke a shinge ɗaya. Idan duk suka taru a can, sai su daina shan hasken, kwalbar ta yi garau. Daga nan sai a aika musu da igiyar rediyo. In saurin kaɗawarta ya yi daidai da tazarar matakan da maganaɗisu ya raba, garken sai ya watse, zarrori su koma shan haske, kwalbar ta dushe. Ga sisiyom, kowace nanotesla ɗaya tana daidai da kaɗawa kusan uku da rabi a daƙiƙa. A Kano ke nan zarrorin suna amsawa a wajen kaɗawa dubu 117 a kowace daƙiƙa, wanda ya iya ƙirga wannan kuwa ya auna maganaɗisun wurin da yake tsaye.

Masu ƙera agogo su ma sun ci moriyar wannan sani, amma ta bayan gida. Tun 1967 ma'anar daƙiƙa a duniya ita ce kaɗawa 9,192,631,770 ta hasken da ke tsakanin wasu matakai biyu na sisiyom. Mai awon maganaɗisu yana neman matakan da suka fi jin kiran maganaɗisu, mai agogo kuwa yana zaɓar waɗanda suka fi kunnen ƙashi, ya kuma lulluɓe su da garkuwa. Irin waɗannan agogo na sisiyom da rubidiyom ne ke cikin taurarin ɗan Adam na GPS, waɗanda ke nuna wa baƙo hanya a wayarsa in ya ɓace a lungunan Kurmi.

An taɓa auna maganaɗisun ƙasar Nijeriya daga sama a shekarun 1970, layin shawagi da layi kilomita 2 a tsakani. Amma babban aikin shi ne wanda kamfanin Fugro ya yi wa hukumar binciken duwatsu da ma'adinai ta ƙasa, wadda aka fi sani da NGSA, galibinsa tsakanin 2005 da 2009, wani ɓangare da tallafin Bankin Duniya. Jiragen sun yi ta kai da komo a tsayin mita 80 kacal daga ƙasa, mita 500 tsakanin layi da layi, suna ɗauke da ma'aunan tururin sisiyom masu ɗaukar awo sau goma a daƙiƙa. Ƙasar Kano tana cikin wuraren da aka auna, kuma wuri ne mai wuyar sha'ani ga wannan aiki. A Leiden, allurar maganaɗisu da aka rataye ta tsakiya takan sunkuyar da kai wajen digiri 67. A Kano kusan a kwance take zama, domin layin da ya raba duniyar maganaɗisu biyu, inda allura ba ta sunkuyawa ko kaɗan, ya ratsa Arewacin Nijeriya dab da mu. Wannan yana sa hoton dutsen da ke binne ya fito a birkice, sai an yi masa gyaran lissafi na musamman. Bugu da ƙari, a saman wannan layi, wajen kilomita ɗari daga ƙasa, akwai wani kogin lantarki da ke kwarara gabas da rana, yana ƙara ƙarfin maganaɗisu in hantsi ya yi, yana sakin sa da yamma. Dole a ajiye ma'auni na biyu a ƙasa yana rubuta wannan sauyi, a cire shi daga abin da jirgi ya auna. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa nazarin wannan kogi ɗan Nijeriya ne, Farfesa Cyril Onwumechili, wanda ya fara aikin a Ibadan tun shekarun 1950, ya kuma wallafa littafi sukutum a kansa a 1997. Sunansa ya kamata ya riƙa zuwa a azuzuwanmu tare da na Zeeman.

Me taswirar ta nuna? Ƙarƙashin yawancin ƙasar Kano tsohon dutse ne mai tauri, duwatsu kuma ba su ɗauke da tama daidai wa daida. Inda dutse ya sauya iri, ko inda ya tsage, awon yakan sauya. Ta haka ake gane iyakar duwatsu irin na Riruwai a Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza, ta haka kuma ake bin sawun tsagar da ƙasa ta rufe. Wannan na biyu shi ya fi shafar talakan birni, domin a irin wannan dutse ruwa ba ya zama sai a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagoginsa. Shi ya sa za ka ga gida biyu a unguwa ɗaya sun haƙa rijiyar burtsatse, wannan ya samu ruwa, wancan ya binne kuɗinsa. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: ma'aunin sisiyom ba ya ganin ruwa, tsaga kawai yake nunawa, sai an bi da awon lantarki a ƙasa kafin a ce a haƙa. A cikin ganuwa kuma, inda kwanon rufi da rodi da wayoyin lantarki suka cika ko'ina, awon maganaɗisu yakan gurɓace. Amfaninsa ya fi yawa a bayan gari da ƙauyuka, inda ya kamata a nemi ruwan da za a turo birni.

Bayanan suna nan a ajiye, an yanka su falle-falle, kowane falle kimanin kilomita 55 tsawo da faɗi. Ɗaliban Jami'ar Bayero da na Ahmadu Bello suna samo su suna rubuta kundayen digiri a kansu. Abin da ke damuna shi ne tazarar da ke tsakanin waɗannan kundaye da mai injin haƙar rijiya, wanda sau da yawa inda mai gida ya nuna da ƙafa nan yake kafa injinsa. Tazarar tana farawa ne tun daga ƙasa. A makarantar sakandaren da na yi, mun haddace cewa sodiyom yana ba da harshen wuta ruwan ɗorawa, mun rubuta a jarrabawa mun ci, amma ba a taɓa kunna mana wutar ba, wai babu kayan gwaji, alhali ga mai ƙosai a bakin ƙofa da gishirinta da kanwarta. Da aka zo babin zarra kuma, aka karanta mana shi kamar labarin wata ƙasa mai nisa wadda ba mu da dangi a cikinta.

A 'yan shekarun nan wani ɗan gidan alkali ya sake tayar da kasuwa a Arewa. Litiyom, wanda ake yin batirin waya da na mota da shi, ya sa ana ta tona duwatsu a jihohin Nasarawa da Kaduna da Kwara, ana loda su a buhuna kamar yadda aka riƙa loda kanwa a kan jakuna. Cikin duwatsun da ake tonowa akwai wani mai sheƙi, launinsa kamar ruwan hoda, wanda masana ke kira lefidolait. Daga irinsa ne Bunsen da Kirchhoff suka fitar da rubidiyom a 1861, yakan kuma zo da ɗan sisiyom a jikinsa. Masu saye suna biyan kuɗin litiyom ne kawai, sauran kuwa gyara ne.